Idan yaro ya zubar da jini

Ranar sadakar ukun wani saurayi a unguwarmu, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansu, wani dattijo ya yi maganar da ta sa wurin ya yi tsit. Mamacin ɗalibi ne, da yamma yana taya mahaifinsa zaman shago. Yana dawowa gida bayan isha'i samari uku suka tare shi a bakin lungu, suka ce ya kawo waya. Ya riƙe. Ɗaya ya soka masa wuƙa a ƙahon zuci. Kafin a samu adaidaita sahun da zai kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da aka kama waɗanda ake zargi, sai ga shi wanda aka ce shi ya yi sukan yaro ne da kowa ya sani, wanda bai daɗe da daina yawon tashe da azumi ba. Dattijon ya ce, "Malam, wuƙa ba ta san shekarun mai riƙe da ita ba. Kabarin da muka rufe shekaranjiya cikakken kabari ne. Don me za a ce hukuncin ya zama rabi?" Mahaifin mamacin bai ce uffan ba. Carbinsa kawai yake ja, idonsa a kan takalman da aka jere a bakin tabarma.

Babu wanda ya ba dattijon amsa, ni ma ban ba shi ba, don wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Amma tambayar ta biyo ni gida, kuma ta daɗe tana cina. Inda na tsaya shi ne, ba na goyon bayan a yanke wa wanda bai kai sha takwas ba hukuncin kisa, ko ɗaurin da babu ranar fita, komai munin laifinsa. Haka kuma ba na goyon bayan yadda ake tafiyar da lamarin yanzu, domin shi ne ya haifi fushin dattijon da na dubban mutane irinsa.

Fushin nan yana da tushe. Duk wanda ya zauna a Kano a 'yan shekarun nan ya san yadda ƙwacen waya ya zama kisan kai da rana tsaka, har a 2023 majalisar tsaro ta jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Kowane gari da sunan da yake kiran nasa: 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauci da Jos, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Da yawa cikinsu gemu bai fito musu ba. Mutane suna kama yaro da wuƙa a ƙugu, su miƙa shi ga hukuma, bayan sati biyu su gan shi a majalisar da ya saba zama, yana nuna wanda ya tona shi da yatsa. Wani ubangida ya je ya yi beli. Daga nan ne ake samun waɗanda suke cewa gara su ɗauki doka a hannunsu, a yi wa yaro taron dangi a bakin titi, wani lokaci ma ba shi ne ya yi laifin ba. Masu neman a yi wa yaro hukuncin manya suna da hujja ta biyu mai ƙarfi: idan aka san yaro ba ya shan hukunci mai tsanani, manyan 'yan ta'adda za su riƙa tura yara gaba su laɓe a bayansu. Wannan ba zato ba ne. Mun ga yadda Boko Haram ta ɗaura wa ƙananan 'yan mata bam, mun kuma ga yaran da suke riƙe da bindiga a dazukan Zamfara da Katsina.

To me doka ta ce? A Najeriya ma'auni ba ɗaya ba ne, kuma nan ne ruɗanin yake farawa. Kundin Finalkod na Arewa, a sashe na 50, ya ce abin da yaro ya aikata kafin shekara 7 ba laifi ba ne sam, daga 7 zuwa 12 kuma sai an tabbatar yana da wayon da zai gane abin da yake yi. Tsohuwar dokar shari'ar laifuka ta Arewa ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 17 ba, sai dai a tsare shi har lokacin da gwamna ya ga dama. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗaga ma'aunin zuwa 18, ta hana kisa da bulala da jefa yaro a kurkuku, amma ta bar wa kotu ikon tsare wanda ya aikata babban laifi kamar kisa ko fashi na tsawon lokacin da ta ƙayyade. Wannan doka ta tarayya ce, sai jiha ta amince da ita take aiki a cikinta, kuma jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru kusan ashirin kafin su yi tasu; Kano sai a 2023. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ita ma ta hana kisa ga wanda bai kai 18 ba lokacin da ya yi laifin, amma ta bar ƙofar ɗaurin rai da rai a buɗe. Sannan ga kundin laifuka na shari'ar Musulunci da jihohi suka fara kafawa daga Zamfara a 2000, wanda ma'auninsa balaga ce. Yaro ɗaya, laifi ɗaya, amma makomarsa ta dogara ga kotun da aka kai shi da jihar da aka kama shi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sassauta wa yaro al'adar Turawa ce da aka ɗora mana ta hanyar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba haka ba ne. Hadisin da aka ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke, yana cikin abin da ake fara koya wa ɗalibi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kakanninmu suka karanta a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, an faɗi hukuncin a fili: gangancin yaro kamar kuskure ne. Wato idan yaron da bai balaga ba ya yi kisa da niyya, ba a yi masa ƙisasi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo bayan wannan. Ba a ce jinin ya tafi a banza ba. Diyya ta wajaba, kuma tana hawa kan danginsa na wajen uba. Shi kuma yaron ana ladabtar da shi gwargwadon abin da alƙali ya ga zai gyara shi. Malaman fiƙihu sun raba abu biyu da dattijon unguwarmu ya haɗa: girman ɓarnar, da girman alhakin wanda ya yi ta. Ɓarnar cikakkiya ce, don haka diyyar ma cikakkiya ce. Alhakin ne bai cika ba, saboda hankalin bai cika ba, sai aka ɗora ragowar nauyin a kan manyan da suke da haƙƙin tarbiyyarsa.

Sai dai ba zan ɓoye inda fiƙihu bai biyo ni ba. Da zarar alamun balaga sun bayyana, yaro ya zama mukallafi, wato wanda cikakken alhakin aikinsa ya hau kansa, ko da shekarunsa 14 ne. Idan alamu ba su bayyana ba ne ake komawa lissafin shekaru, kuma a nan malamai sun saɓa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15, suna kafa hujja da Abdullahi ɗan Umar wanda aka mayar da shi a yaƙin Uhudu yana 14, aka karɓe shi a Handaƙ yana 15. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, shi ne 18. Ke nan ainihin gardamar a kan ɗan tsakanin nan take, daga balaga zuwa sha takwas, shekaru uku ko huɗu. Babu mai hankalin da yake cewa a rataye ɗan shekara 9. Ɗan 15 da 16 da 17 ake magana, wanda jikinsa ya kai na namiji, muryarsa ta buɗe, ya iya tuƙa babur, ya iya riƙe adda.

Irin wannan yaro ya san kisa haramun ne. Ka tambaye shi yana zaune shi kaɗai, cikinsa a ƙoshe, zai ba ka amsar da babba zai ba ka. Abin da bai gama samu ba shi ne burki. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ɓangaren da yake bayan goshi, wanda yake auna abin da zai biyo baya ya kuma danne zuciya idan ta taso, ba ya gama nuna sai mutum ya shiga shekarunsa na ashirin da ɗoriya, alhali ɓangaren da yake son zumuɗi da yabon abokai yana kan ganiyarsa tun daga balaga. A 2005 masanin halayyar ɗan Adam Laurence Steinberg da wata abokiyar aikinsa sun yi wani gwaji a Amurka. Suka ba matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, wani lokaci mutum shi kaɗai, wani lokaci abokansa biyu suna kallo. Manya ba su sauya tuƙinsu ba ko da 'yan kallo ko babu. Matasan kuwa, da zarar abokai sun tsaya a kansu, kasadar da suke yi sai ta ninka. Bahaushe bai jira kwamfuta ba kafin ya ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi. Ka duba yadda ƙwacen waya yake faruwa: da wuya ka ji yaro ɗaya ya fita shi kaɗai. Uku ne, biyar ne, an sha ƙwaya, ana zuga juna, kowa yana tsoron a kira shi matsoraci. A cikin wannan daƙiƙar babu wanda yake lissafin ko shekara goma doka ta tanada ko rataya. Shi ya sa nake shakkar zancen cewa tsananta hukunci zai tsorata na baya. Abin da yake tsorata yaro shi ne ya tabbata za a kama shi gobe, kuma babu ubangidan da zai fito da shi jibi.

Akwai ƙasar da ta gwada abin da dattijon yake nema, da gaske kuma a faɗin ƙasa. A farkon shekarun 1990 kisan kai tsakanin matasa ya yi yawa a biranen Amurka. A 1995 wani malamin jami'a, John DiIulio, ya yi hasashen cewa wani sabon irin yara marasa imani yana tafe, waɗanda babu abin da zai gyara su. Tsoro ya kama mutane, kusan kowace jiha ta sauya dokarta don sauƙaƙa kai yara kotun manya. Dubban yara suka shiga gidajen yarin manya, wasu da ɗaurin rai da rai ba tare da damar fita ba. Hasashen bai tabbata ba. Laifukan matasa sun riga sun fara sauka tun daga tsakiyar shekarun, kuma suka ci gaba da sauka a jihohin da suka tsananta da waɗanda ba su tsananta sosai ba. Shi kansa DiIulio daga baya ya fito ya ce ya yi kuskure. A 2007 wani kwamitin masana da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta kafa ya tattara binciken da aka yi, ya gano cewa yaran da aka mayar tsarin manya sun fi komawa laifi bayan sun fito, da kusan kashi 34 cikin ɗari, idan aka gwada su da masu irin laifinsu da aka bari a tsarin yara. Ba abin mamaki ba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka ɗauki ɗan sha biyar ka kulle shi ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi, ko dai su ci zarafinsa ko su mayar da shi almajirinsu, sau da yawa duka biyun.

Kotun Ƙolin Amurka ta dawo da ƙasar baya sannu a hankali. A 2005, a shari'ar Christopher Simmons wanda ya kashe wata mata a jihar Missouri yana 17, ta haramta hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin 18. A 2010 ta hana ɗaurin rai da rai marar fita ga yaron da laifinsa ba kisa ba ne. A 2012 ta ce ko a kisa ma ba za a wajabta irin wannan ɗauri ba sai alƙali ya duba ƙuruciyar mai laifin. Bayan haka an saki ɗaruruwan mutanen da suka shiga kurkuku suna yara suka fito da furfura, kuma waɗanda suka sake komawa laifi a cikinsu 'yan ƙalilan ne.

Akwai wani dalili da ya fi duk waɗannan tsaya mini a rai, shi ne yaro ya fi kowa sauƙin amsa laifin da bai yi ba. A 1944 jihar Carolina ta Kudu ta kashe George Stinney, baƙar fata ɗan shekara 14, a kujerar lantarki, bayan shari'ar da ba ta wuce yini ɗaya ba. Sai a 2014, bayan shekara 70, wata kotu ta soke hukuncin. Ba sai mun je nesa ba ma. Moses Akatugba yana ɗan 16 aka kama shi a jihar Delta a 2005, aka zarge shi da fashin wayoyin hannu. Ya ce azabtar da shi aka yi har ya sa hannu a takardar amsa laifi. Ya shekara takwas yana jiran shari'a, a 2013 aka yanke masa hukuncin rataya, sai a 2015 gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa. Shi ya ci sa'a duniya ta ji labarinsa. Idan muka ce a mayar da ƙwacen waya fashi da makami, kuma a yi wa yaro hukuncin babba, to mu sani irin wannan ƙofa muke buɗewa, a ƙasar da sau da yawa takardar amsa laifi ce kaɗai shaidar da ake kawo wa alƙali.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kowane yaro ɗan lallashi ne. A Disamban 2012 wasu mutum shida suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe a cikin bas a birnin Delhi na Indiya, ta rasu daga raunukan. Ɗaya cikinsu 'yan watanni suka rage masa ya cika 18. An rataye huɗu daga cikin manyan a 2020. Shi kuwa shekara uku aka ba shi a gidan gyaran hali, iyakar abin da doka ta yarda a lokacin, ya fito a Disamban 2015. Iyayen yarinyar sun yi kuka, kuma suna da gaskiya. Shekara uku a kan irin wannan aika-aika cin fuska ne ga mamaciya. Fushin jama'a ya sa majalisar Indiya ta yi sabuwar doka a 2015, wadda ta ba da damar a yi wa ɗan 16 zuwa 18 shari'ar manya a manyan laifuka bayan wani kwamiti ya tantance hankalinsa, amma ko ita ba ta yarda da kisa ko ɗaurin da babu fita ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, duk lokacin da tsarin yara ya zama wasa, jama'a za su nemi a rushe shi gaba ɗaya.

Ingila ta ba da wani darasin. A 1993 yara biyu 'yan shekara 10 suka sace ɗan shekara 2, James Bulger, a kusa da Liverpool, suka kashe shi. An yi musu shari'a a kotun manya, abin da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a 1999 bai dace ba. Bayan shekara takwas a tsare aka sake su a 2001, da sharaɗin za a iya dawo da su kowane lokaci har ƙarshen rayuwarsu. Ɗaya bai sake shiga hannun hukuma ba. Ɗayan an mayar da shi kurkuku sau biyu, a 2010 da 2017. Laifi ɗaya, shekaru ɗaya, rana ɗaya. Wane alƙali ne a 1993 zai iya duban fuskokinsu ya ce wannan zai gyaru, wannan ba zai gyaru ba? Babu. Saboda haka hukuncin yaro bai kamata a rufe shi a ranar yanke shi ba. A tsare shi, tsarewa mai tsawo idan laifin kisa ne, sannan a dawo a duba shi bayan shekaru, a ga wane irin mutum ya zama. Wanda ya gyaru ya fita a ƙarƙashin sa ido. Wanda bai gyaru ba ya ci gaba da zama.

Duk wannan magana ce ta yadda ya kamata. Abin da yake faruwa a ƙasa kuwa ya fi ta muni, domin a wurinmu yaro yana shan hukuncin manya tun kafin alƙali ya buɗe baki. Matsalar farko ita ce shekarun kansu. Yara da yawa, musamman a karkara, ba su da takardar haihuwa. Idan aka kama yaro, wanda ya rubuta takardar tuhuma shi yake yanke shekarun, kuma rubuta 19 ya fi sauƙi, don yana kawar da wahalar neman kotun yara da jami'in walwala da gidan ajiye yara. Haka kuma ɗan 22 mai gata yana iya zuwa da takardar rantsuwa ya koma 16. Gidajen horar da matasa na gwamnatin tarayya da aka daɗe ana dogara da su uku ne, a Kaduna da Ilori da Abeokuta, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Da yawa daga sauran sai gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi. Iyayen da ɗansu ya gagare su kuma suna kai shi gidan mari, kuma mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawa yara, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 duk ƙasar ta ga wannan da idonta. Aka kawo waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta gaban babbar kotun tarayya a Abuja, cikinsu har da yara kusan talatin, akasarinsu daga Kano da Kaduna, bayan wata uku a tsare. Tuhumar har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Da hotunan suka zagaya duniya, shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar cikin kwanaki. Na yi murna da sakinsu, amma abin da ya tsaya mini shi ne, takardunsu sun bi ta hannun jami'ai da lauyoyi da yawa kafin ranar, kuma babu inda aka tsaya aka ce waɗannan yara ne. Haka aka yi da yarinyar nan 'yar shekara 14 a jihar Kano, wadda aka zarga a 2014 da sa wa mijin da aka aura mata shinkafar ɓera a abinci, shi da wasu suka mutu. An gurfanar da ita da tuhumar da hukuncinta kisa ne, ta shafe fiye da shekara a tsare kafin gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Rayuka sun salwanta, gaskiya ne. Amma manyan da suka ɗaura wannan aure babu wanda ya tsaya gaban alƙali.

Wannan ne ya dawo da ni ga hujjar cewa manya za su laɓe a bayan yara. Amsarta a wurina ita ce a bi babban. Wanda ya sayar wa yaro ƙwaya, wanda yake karɓar wayoyin sata a kasuwa ya goge su ya sake sayarwa, ɗan siyasar da ya raba wa yara makamai da kuɗin shaye-shaye lokacin zaɓe ya watsar da su bayan an rantsar da shi, waɗannan su ya kamata hukuncinsu ya ninka idan aka tabbatar yaro suka yi amfani da shi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ko a fagen yaƙi gwamnatin Najeriya ta yarda da wannan fahimta: a Satumban 2022 ta sa hannu a yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaran da sojoji suka kama a yankin rikici za a miƙa su ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. Idan an yarda yaron da aka tarar a sansanin 'yan ta'adda yana da sauran gyara, ban ga yadda za a ce na lungun unguwa ba shi da shi ba.

Sannan a dawo da diyya da muhimmancinta. Iyalan mamaci a yau ba sa samun komai daga shari'a sai yawon kotu da kuɗin mota. Da dangin yaro sun san cewa jinin da ɗansu ya zubar zai hau kansu, su da kawunnansa da baffanninsa, da an rage masu kawar da kai idan yaro ya fara kwana a waje yana dawowa da wayar da ba a saya masa ba. Na san akwai talakan da ko gidansu aka sayar ba zai biya ba, kuma na san akwai yaran da ba su da kowa, waɗanda aka sauke a tasha da ƙoƙon bara tun suna shekara bakwai. A fiƙihu wanda ba shi da dangi baitulmali ne danginsa. Gwamnatin da ta bar yaro ya girma a ƙarƙashin gada tana da kaso a cikin abin da hannunsa ya aikata, kuma ya kamata ta ji shi a aljihunta.

Yaron unguwarmu yana gidan yarin manya yanzu, yana jiran shari'a. Takardar tuhuma ta ce shekarunsa 19. Mahaifiyarsa ta rantse cewa tana da tsohon cikinsa aka sanar da rasuwar shugaba 'Yar'aduwa, wato 2010, amma a gida ta haihu, ungozomar da ta yanke masa cibiya ta rasu, babu takarda. An ɗage zaman sau huɗu, sau biyu don ba a samu motar kawo fursunoni ba. Mahaifin mamacin yana rufe shagonsa duk ranar zama, ya je ya zauna a benci na baya. Na tambaye shi rannan a masallaci, bayan la'asar, ko me yake so kotu ta yi. Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Malam, so nake a fara shari'ar tukuna. Har yau babu wanda ya tambayi yaron nan a gabana wa ya ba shi wuƙar."